Gwiwoyin Ƙarfe da Cikin Fari

Ban cika shekara a gidan miji ba na faɗo daga kan lori. Lokacin cirar auduga ne, an lodo mu mata a bayan mota daga ƙauyen maigidana, kusa da Hajj Abdalla, za a kai mu hawasha, wato gonar da hukumar noman ruwa ke yanka wa kowane manomi. Tsofaffi suka zauna a tsakiya, mu amare muka ɗare baki-baki muna shan iska. Direba na isa gadar tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin, sai wani jaki ya gitta masa, ya taka birki. Mota ta tsaya, ni ban tsaya ba. Na dira a kan siminti da gwiwoyina biyu kamar wadda ta zo gaida surukai. Jakin ko waiwaye bai yi ba.

Aka kai ni asibitin garin Sinnar, daga can suka tura mu babban asibiti. Likitan wani dogon Balarabe ne mai tabarau. Ya ɗaga hoton ƙashi ya duba, ya ce ƙoƙon gwiwar dama da na hagu duk sun tarwatse, sai ya tsaga ya harhaɗa su ya ɗaure da waya, kuma duka biyun rana ɗaya zai yi. Sannan ya juyo ya tambaye ni da Larabci, a gaban maigidana, ko ina da ciki.

Ina da shi mana, ɗan ƙarami, ni kaɗai na sani sai wanda ya jawo shi. Amma a wurinmu mace ba ta buɗe baki ta ce tana da cikin fari ko da uwarta ce ta tambaya, balle wani ƙato mai tabarau. Na ɗaga ido na ƙura wa rufin ɗaki. Maigidana kuwa nan take ya tuna ya bar takalminsa a waje, alhali ga shi a ƙafarsa, ya fita nemansa. Likita ya ɗauka ba na jin Larabci ne, ya sake tambayar da ƙarfi, har matar da ke gadon kusa ta ɗago kai. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce ta cece ni, ta dubi fuskata ta amsa masa a madadina.

Na farfaɗo na tarar an naɗe ni da jibis, farin simintin nan na karaya, daga cinya har idon sawu, ƙafa biyu. Na yi kwanciyar da na yi a can, aka sallame ni. Maimakon gidan miji sai aka wuce da ni gidanmu, wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi, gaba kaɗan da Sinnar. Dama can al'ada ce mace ta koma gida haihuwar fari, sai dai nawa komawar ta zo da wuri, kuma kowa ya yi ta cewa jinya ce kawai.

Labari ya riga ni isa. Abin da likita ya yi shi ne ɗaure ƙashina da waya, amma kafin maganar ta ƙetare kogi har an cire mini gwiwoyi an jefar, an sa mini sabbi na ƙarfe irin na tarakta. Mata suka yi ta zuwa dubiya. Kowace ta gama sannu sai ta matso ta ƙwanƙwasa jibis da ɗan yatsa, ta kasa kunne. Wata ta gargaɗe ni kada in yarda in fita tsakar gida idan ana walƙiya. Wata maƙwabciyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta kawo mini man keken ɗinki a 'yar kwalba, ta ce in an kwance ni in riƙa ɗigawa kada su yi tsatsa. Na ce mata ba ƙarfe ba ne har na gaji, daga baya na daina gardama, don na lura masu gwiwar ƙarfe sun fi samun kaji.

Ranar da aka koma da ni aka fasa jibis, likita ya ce aikinsa ya ƙare, nawa ya fara. Ya ce in riƙa lanƙwasa su kullum, ko zafi zai sa ni kuka, in ba haka ba za su sandare har abada. Na dubi ƙafafun nan, sun motse sun yi fari-fari, a miƙe sambal kamar taɓare biyu. Na gwada ja da ta dama, zafin ya hau mini har tsakar ka. Na ce to, sai gobe.

A gidanmu kuwa babu wanda zai matsa wa mai karaya. Mai karaya kwanciya yake yi, a kawo masa romo, a hana shi motsi. Baba ya ba ni angarib ɗinsa, gadon igiya mai dogayen ƙafafu da ya saya a kasuwar Sinnar, wanda ko baƙo ba ya yarda ya hau. Ina kai a shimfiɗe kamar sarauniya. In na ɗan yunƙura zan gwada abin da likita ya ce, sai a yi sallama, 'yan dubiya su shigo, kuma ba ya yiwuwa mutane su zo duba ki su same ki kina harba ƙafa. Sai in mayar da ita, in langaɓe kai, in amsa sannu. Haka rani ya yi ta tafiya, ƙafafu na nan yadda suke, gaba kuwa na ta yin gaba.

Inna tana gani. Amma ni ce 'yar farinta, tun ina jaririya ba ta kama sunana, ba ta zama hira da ni, ba ta kallon idona idan da mutane. Ba ma ita ta rene ni ba, da aka yaye ni ƙanwar Baba aka ba, wadda muke kira Gwaggo. To yaya Inna za ta yi mini maganar ciki? Sai ta shigo ta ajiye kwano, ta saci kallon ƙafafuna, ta saci kallon abin da ke sama da su, ta yi ajiyar zuciya ta fita.

Gwaggo ita ce ungozomar ƙauyen, rabin mutanen da ke yawo a cikinsa ta hannunta suka shigo duniya. Duk wannan abu ba ta nan, ta tafi wajen Damazin zaman jego gidan wata 'yarta. Ta dawo gab da faɗuwar damina. Ta shigo ɗakin ko buhunta ba ta sauke ba, ta yaye zanen da na rufa da shi, ta dubi ƙafa, ta dubi ciki, ta lissafa wani abu da yatsunta. Sannan ta buɗe murya yadda za a ji ta har bakin kogi.

"Mi ni ka gani haka? Wa yac ce ku aje ta awa gawa? Kun zamna kuna ɗura mata romo, da mi za ta durƙusa?"

Sai a lokacin na gane abin da kowa ya daɗe da ganewa. Matanmu a durƙushe suke haihuwa. A kan gwiwa Inna ta haife ni, a kan gwiwa aka haifi ita Innar, tun kafin kakanninmu su baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka su yada zango a nan. Ni kuwa ga ni da ciki ya tsufa, ba ni da gwiwar da zan durƙusa a kai.

Na ce wa Gwaggo a asibiti na ga mata na yi a kwance. Ta harare ni.

"Kwance? Ni ban taɓa ganin ɗa ya hau tudu ba, gangarowa shi ka yi. Hannuna bai san kwance ba, ɗiyag ga. In kwance ki ka so, sai a kai ki isbitaliya."

Ita ma ta san ba za a iya ba. Lokacina zai faɗo tsakiyar damina, kuma duk wanda ya san baƙar ƙasar nan tamu ya san in ta sha ruwa ko jaki sai ta cire masa kofato, balle mota. A daminar da ta wuce wata ƙawata, wadda muka yi tallar gyaɗa tare, naƙuda ta yi mata gardama aka ɗora ta a amalanke za a kai ta Sinnar. A hanya taɓo ya riƙe su, a nan ta cika. Ban faɗa wa kowa ba, amma tsoro ya kama ni sosai. Ina dariya da 'yan dubiya, ina tunanin amalanken nan.

Daga ranar Gwaggo ta kori romo ta kori masu zuwa dubiya. Duk wadda ta tambayi dalilin wannan azaba da ake gana mini, amsa ɗaya ce, wai don in koma gidan miji in iya durƙusa wa surukaina. Kowa ya gyaɗa kai ya ce lallai kam, gaisuwa wajibi ce, idonsa na kan cikina.

Da hantsi a ɗora ni a jaki, ƙafafu a miƙe ta gefe guda, a gangara da ni bakin kogi. Gwaggo ta binne su a yashi mai zafi har sai na ce na dahu, ta tone, ta shafe su da man riɗi, ta kama dunduniya ta tura. Ni kuma in zage ta. Ban taɓa zagin babba ba kafin nan, amma a bakin kogin nan na ce mata muguwa, na ce mata mara imani, na ce dama can ba ta ƙaunata. Ita ko a jikinta. "Yalla, maza ƙara," take cewa, "bakinki dai bai karye ba."

Da la'asar aikin Inna ne, don Gwaggo na zagayen masu jego. Sai Inna ta zo ta durƙusa a gaban gado, ta kama ƙafata, ta kawar da kai gefe. Tunda ba za ta yi mini magana ba, sai ta samu wata kaza mai yawan leƙo ɗakin ta mayar da ita 'yar aike.

"Ke kaza, hwaɗa ma masu kwanciya su saki jiki."

Ni ma sai in dubi kazar in ce, "Ki ce da zahi."

"Ki ce an sani. A daure."

Kazar nan ta ji asirin gidanmu fiye da kowa. Ranar da aka yanka ta don baƙi, mun wuni ni da Inna babu mai isar mana da saƙo, sai da ta koma aiken randa.

Maigidana yakan zo ranar Juma'a, ya tsaya a zaure wajen Baba, ya tambayi lafiyar kowa har da awaki, ni ce ta ƙarshe, can ƙasa-ƙasa. Wata rana ya zo da igiya sabuwa ya ba Baba, ya ce ya ji tsofaffin matan Larabawa rataye igiya suke yi a rufi mace ta kama, ko za ta yi amfani wajen gaisuwar. Ya faɗa yana kallon tabarma, Baba ya karɓa yana kallon bango. Gwaggo ta yi tsaki ta ce aikin Larabawa, amma ta yarda a gwada. Aka ɗaura igiyar a azarar rumfa, aka tsayar da ni na kama, ta ce in saki nauyina. Ban san yawan kajin da na ci ba sai ranar. Azara ta ce ƙas, rumfa ta sauko mana a ka da busasshiyar kuɓewar da Inna ta shanya a samanta. Aka zaro ni daga cikin karan dawa ba abin da ya same ni, Gwaggo ce ta yi kwanaki da ƙulu a goshi. Ba a sake maganar igiya ba.

Gwiwar dama ce ta fara jin magana. Wata safiya a bakin kogi ta yi wani ƙara, na yi ihu na ɗauka wayar ce ta tsinke, sai ga ta ta lanƙwashe fiye da jiya. Daga nan kullum sai ta ɗan ƙara. Ta hagu kuwa taurin kai gare ta, Gwaggo ta ce dangin ubana ta ɗauko, ta manta ita ma cikinsu take.

A wajen nan ne na fara lura da wani abu game da gadon. Da, in na zauna a bakinsa, ƙafafuna lilo suke yi. Sai na ga sun fara taɓa ƙasa. Na yi murna na ce tsawo na ƙara. Bayan 'yan kwanaki sai na ji zama a kansa na ja mini gwiwa, tashi kuma sai na yi nishi. Baba ya leƙo wata rana gaishe ni, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban gadonsa, ya karkata kai nan, ya karkata can.

"Gadon ga nawa ƙasa shi ka yi," ya ce.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Gara ta," ta ce.

"Gara? Ƙahwa huɗu, daidai wa daida?"

"Garar bana hankali gare ta."

Ashe duk lokacin da aka tafi da ni bakin kogi, Inna sai ta aro zarto wajen kafinta da sunan za ta gyara ƙwarya, ta kifa gadon ta rage masa ƙafafu kaɗan-kaɗan, ta share garin katakon ta zuba a murhu. Ta ga ina yi wa hannunta gardama, amma ba na iya yi wa gado, dole in zauna dole in tashi. Sau ɗaya ta kuskure, ƙafa guda ta fi gajarta, na kwana ina rangaji, washegari na ga an cusa katangar tukunya a ƙarƙashi. Ban ce mata na gane ba, ita ma ba ta ce ta yi ba. Na dai juya fuska bango na yi kuka, don a ranar na san irin tsoron da ke cikinta ya fi nawa. Kafin damina ta yi tsakiya, angarib ɗin da Baba ke taƙama da shi ya koma kamar faifai mai ƙafa, in na zauna gwiwoyina suna kallon haɓata. Ta hagun dai da saura, kuma ban taɓa yarda na ɗora nauyina a kan tabon ɗinkin ba ko sau ɗaya.

Naƙuda ta zo da hantsi, bayan an kwana ana tafka ruwa. Daga ƙofar ɗaki ina hango tsakar gida ta zama tafki, agwagi na iyo a inda muke girki. Babu maganar amalanke, babu maganar Sinnar. Gwaggo ta iso da taɓo har ƙwauri, ta wanke hannu, ta duba ni, ta jira abin da ta jira. Can ta ce, "Halas, shi ke nan, lokaci ya yi. Durƙusa."

Na ce ba zan iya ba. Da gaske nake, ba shagwaɓa ba. Na dubi ƙasa na ga ta yi mini nisa.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Ta ce a hankali, "Ba ni da wata dabara bayan wagga, ɗiyata."

Uwa ba ta shiga ɗakin haihuwar 'yar farinta, nesa da ɗakin ma take komawa don kada ta ji. Amma sai ga Inna ta shigo da turmi ta kifa a gabana, ta kwance wani ƙulli na auduga ta yi tudu biyu a ƙasa, ta zagaya bayana ta saƙalo hannuwanta ta hammatata. Suka sauke ni sannu-sannu. Ta dama ta isa. Ta hagu ta tsaya a hanya, ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai ga wata naƙuda ta taso ta murɗe ni, na saki jikina gaba ɗaya ban sani ba. Na ji abu ya ɓalle a cikin gwiwar kamar an yage sabon yadi.

Na kurma ihu. A garinmu babban abin kunya ne a ji muryar mace a wajen haihuwa, har waƙa 'yan mata ke yi wa wadda ta yi raki. Gwaggo ta bar ni a kan turmi, ta leƙa ƙofa ta sanar da matan da suka taru a ƙarƙashin zana, "Gwiwa ta! Ku shaida, ihun gwiwa na!" Ta dawo ta ce mini tunda an samu dalili in yi iya son raina. Na kuwa yi. Har yau in ana hira ina nan a kan bakana, duk ihun da aka ji ranar na gwiwa ne.

Kafin azahar yarinya ta faɗo, mace, da muryarta rau. Gwaggo ta yanke cibi, ta gama abin da ake yi, ta ce to a kwantar da ni. Na ce a ɗan bar ni. Na ture turmin gefe, na sunkuya na kai goshina ƙasa. Tun ranar da na faɗo daga motar nan goshina bai taɓa ƙasa ba, duk sallolina a zaune na yi su ina nuni da kai. Ƙasar da sanyi, tana ƙanshin damina.

"Ke, mai jego ba ta salla," in ji Gwaggo.

Na ce ba salla nake ba. Na daɗe a haka ina kuka, 'yata na kuka a hannun Inna, ba wanda ya sake ce mini in tashi. Da na gama na yunƙura, gwiwoyin da aka sha wuya kafin su lanƙwashe suka ce su kuma ba sa miƙewa. Sai da aka ajiye jaririyar su biyu suka ciccibe ni, a dunƙule kamar yadda nake, suka ɗora a gado.